Bayit 188 da agogon da ke komawa sifiri

A watan Maris ɗin bara na tsinci kaina a kan benci a bayan ɗakin watsa shirye-shiryen wani ƙaramin gidan talabijin na intanet a nan Jos, da littafin rubutu a cinya, ina zura wa lokuta uku ido. Talata, ƙarfe 8:10 na safe. Laraba, 10:40. Alhamis, 1:11 na rana. A waɗannan lokutan ne manhajar da na rubuta musu ta haukace. Aikinta ba wani mai yawa ba ne: ta naɗi duk abin da tashar ke watsawa, ta yanka shi sa'a-sa'a ta adana, domin ranar da mai talla ya zo da ƙorafin ba a sa tallarsa ba, a buɗe masa fayil a ce ga ta nan, ƙarfe kaza da minti kaza. Wata bakwai tana yi ko tari babu. Sai aka sa wa gidan sola. A makon nan ta fara fitar da fayil ɗaya kullum wanda take cewa tsawonsa bai kai sifiri ba, daga nan ta ƙame sai an tashe ta.

Manajan gidan bai wahalar da kansa da bincike ba. "Injiniya, ai a fili take. Kafin sola lafiya lau, bayan sola ga abin da muke gani." Har ya riƙe wa mai haɗa solar cikon kuɗinsa. Ni ma a raina na so a ce laifin daga can yake, don duk wanda ya rubuta manhaja ya fi son a zargi waya da batir. Amma wutar da ke rawa ba ta san agogo ba, waɗannan lokuta kuwa kullum ƙara sa'a biyu da rabi suke yi kamar da ma'auni. Kafin a gane dalili sai an san mene ne ke gudana a cikin wayar da ta fito daga inkoda, wato na'urar da ke matse hoto da sauti kafin a tura su.

Abin da ke gudana sunansa MPEG-TS. Kwamitin masana na MPEG ne ya tsara shi, aka buga ƙa'idarsa a tsakiyar shekarun 1990 da lambar ISO/IEC 13818-1, kuma har yau shi ne ke ɗauke da hoton da ke shiga dikodar DStv da GOtv da StarTimes. Ranar 30 ga Afrilu, 2016, da ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya zo Jos ya ƙaddamar da gwajin farko na komawa talabijin na dijital a Najeriya, akwatunan FreeTV da aka raba wannan tsarin suke karantawa ta kan fasahar DVB-T2. Abuja ta biyo baya a Disambar shekarar. Garin da ya fara watsa hoto mai kala a ƙasar nan tun zamanin jihar Binuwai-Filato, garin da Kwalejin Talabijin ta NTA take a Rayfield, bai kamata a ce sanin cikin wannan tsari ya zama baƙo a cikinsa ba. A intanet ma bai mutu ba: tsarin HLS da kamfanin Apple ya fito da shi a 2009 yanka bidiyo yake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa fayil mai ƙarewa da .ts, ko da yake yanzu ana yi da wani nau'in MP4 ma.

Masu ɗaukar bidiyon biki sun san wani baƙin ciki: batir ya mutu ana tsakiyar ɗauka, fayil ɗin MP4 yana nan da nauyinsa, amma ya ƙi buɗuwa. Dalili shi ne MP4 na da fihirisa guda da ke cewa hoto kaza yana wuri kaza, kuma kyamarori da yawa sai an danna tsayawa suke rubuta ta. MPEG-TS an gina shi ne da akasin wannan tunani. Ba shi da farko, ba shi da ƙarshe. An yi shi domin mutumin da zai kunna talabijin a tsakiyar labarai, ta hanyar da bayanai ke zubewa a iska kuma babu damar a ce wa mai aikowa ya maimaita. Duk wani abu mai ban haushi da za ka tarar a cikinsa, daga wannan buƙatar ya samo asali.

Ka ɗauki tirela da aka yi wa lodin dankalin turawa daga Bokkos za ta Legas. Kayan mutum ashirin ne a ciki, buhunan duk girmansu ɗaya, an cakuɗa su yadda lodi ya kama, kowane buhu da shaidar mai shi da fenti. Haka kwararar take. Kowane buhu, wato fakiti, bayit 188 ne cif (bayit ma'aunin bayanai ne a kwamfuta, kamar gurbin harafi ɗaya). Huɗun farko su ne goshinsa, 184 kaya. Bayit na farko kullum lamba ɗaya ce, 47 a ƙirgen goma sha shida da masu kwamfuta ke amfani da shi, 71 a ƙirgenmu, wanda kuma shi ne harafin G. In ka buɗe fayil ɗin .ts da manhajar duba bayit za ka ga G ɗin nan na dawowa bayan kowane taku 188. Shaidar fentin ita ce PID, lamba mai bit 13 (bit takwas ne ke yin bayit ɗaya), daga 0 zuwa 8191. Hoton tasha kaza PID ɗinsa daban, sautinta daban, rubutun ƙasan allo daban. Lamba ta ƙarshe, 8191, ta buhun ƙaiƙayi ce: na'urar watsawa ba ta jira, dole tirela ta tashi a cike a kan lokaci, to in kaya bai kai ba sai a cike gurbin da fakitin da babu komai a ciki.

A nan mai koyo ke fara jin abin ai wasa ne. Nemo G, ƙirga 188, ciro PID. Layi talatin na yaren kwamfuta Python sun isa ka ƙirga fakiti nawa kowace PID ta samu, kuma ina ba duk wanda zai shiga wannan fage shawara ya rubuta waɗannan layuka da hannunsa sau ɗaya. Ranar farko zai ci karo da cewa lamba 47 na iya faɗowa a tsakiyar kaya, don haka ganin G ɗaya ba hujja ba ne. Ƙa'idar awo ta Turai, ETSI TR 101 290, cewa ta yi sai ka gan shi sau biyar a jere a inda ya kamata kafin ka yarda ka kama zaren, in kuma ya ɓace sau biyu a jere to zaren ya kuɓuce. Rana ta biyu wani zai kawo masa fayil ɗin .MTS daga kyamarar biki, ya tarar taku 192 ne, don an ƙara bayit huɗu na lokaci a gaban kowane fakiti. Wata na'urar kuma 204 za ta ba shi, da bayit 16 na gyaran kuskure a baya.

Sanin shaidar buhu kuma bai gaya maka na wane ne ba. Wannan aikin jadawali ne, kuma jadawalin ma a cikin buhunan yake tafiya. PID 0 an keɓe ta ga jadawalin da ake kira PAT, wanda ke cewa tashoshi kaza ne a wannan kwarara, kuma bayanin kowace yana PID kaza. Ka je can ka tarar da PMT, shi ne zai ce hoton wannan tasha yana nan kuma lambar nau'in matsinsa a ƙirgen goma sha shida 1B, wato H.264, ko 24, wato HEVC, sauti yana can, agogo yana can. Ana maimaita su ba dare ba rana, PAT aƙalla sau ɗaya a kowane rabin sakan, saboda mutumin nan da ya kunna a tsakiya. Ɗan jinkirin da kake ji idan ka sauya tasha, wani ɓangarensa jiran waɗannan jadawalai ne, sauran kuma jiran cikakken hoto na farko, don yawancin hotunan da ke biyo baya bambanci kawai suke ɗauke da shi.

Wahalar tana cikin ƙananan abubuwa. Jadawali na iya zarce fakiti ɗaya ya malala cikin na gaba. Wani na iya ƙarewa a tsakiyar fakiti wani ya fara nan take, da ɗan bayit guda a gaba da ke nuna inda sabon ya soma. Kowane yana da lissafin tantancewa na CRC a wutsiya wanda in bai yi daidai ba sai a zubar. Kowane yana da lambar bugu daga 0 zuwa 31 da ke ƙaruwa idan an sauya abin da ke ciki. Shi kuwa hoto, ana naɗe shi cikin babban ƙunshi mai suna PES a yayyanka cikin ɗaruruwan fakiti, kuma an yarda ƙunshin hoto ya rubuta tsawonsa sifiri, ma'ana ba za ka san ya ƙare ba sai ka ga na gaba ya fara. Ga kuma filin tsawo iri-iri da fakitin da ya lalace a hanya zai iya cika da ƙarya. Wanda ya rubuta da yaren C ya gaskata wannan ƙarya, manhajarsa za ta karanta abin da ba nata ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Layi talatin ɗin nan kafin ka ankara sun zama dubu uku, kuma duk ramin da ka faɗa, wasu sun riga ka faɗawa shekara ashirin da suka wuce sun cike shi. Wannan ne amfanin laburare: tarin aikin da wasu suka gama, ka kira shi daga cikin taka manhajar.

Sai dai laburaren nan hali biyu ne da su, kuma rashin lura da wannan shi ne ya fi cutar da mutane. Akwai waɗanda aka haifa domin a ga hoto. Babbansu libavformat na FFmpeg, aikin da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, wanda yau yake ƙarƙashin manhajojin bidiyo da ba su ƙirguwa. Ka miƙa masa fayil ko adireshi, ya leƙa har bayit miliyan biyar na farko in ta kama, ya gano tashoshi da nau'in hoto, sannan duk lokacin da ka kira av_read_frame ya miƙo maka hoto ko sauti a haɗe, da lokacinsa. Na wannan gida ne tsdemux na GStreamer, da abin da ExoPlayer ke amfani da shi a wayoyin Android, da hls.js a burauza. Tarbiyyarsu ɗaya: komai ya faru, kada kallo ya tsaya. Fakiti ya ɓace, su yi ɗan gunaguni a rajistar da ba kowa ke karantawa ba, su wuce. Kamar ɗan aiken kirki ne da ya tarar buhu biyu sun yage a hanya, ya ɗinke, ya kawo maka kaya ya ce an gode Allah an iso lafiya.

Akwai kuma waɗanda aka haifa domin a ga kwararar kanta. libdvbpsi na ƙungiyar VideoLAN, masu VLC, jadawalai kawai ya sani: ka riƙa tura masa fakiti, duk sa'ad da ya haɗa cikakken PAT ko PMT sabo sai ya taɓo ka. TSDuck, wanda wani Bafaranshen, Thierry Lelégard, ya rubuta da C++, ya fi faɗi nesa. Umarnin tsanalyze zai zayyano maka kowace PID da nauyinta da kurakuranta, tstables ya baje jadawalai filla-filla, tsp kuma ya bar ka ka jera matatai, wannan ya cire tasha, wancan ya sauya PID, na gaba ya ƙirga. Waɗannan ba sa ɗinke buhu. Za su ce maka na 4,312 ya yage, ga inda ya yage, abin da za ka yi da shi kuma ruwanka.

To tambayar da za ka yi wa kanka kafin ka sauke ko ɗaya ita ce: hoton nake so, ko labarin hanyar da ya biyo? Mai son ya juya naɗin jiya zuwa MP4 ya sa a Facebook ba shi da buƙatar sanin PID, FFmpeg ya ishe shi har da guzuri. Wanda aka ce wa "hoto na daskarewa, gano mana laifin wa" kuwa, in ya tsaya kan ffprobe, manhajar duba fayil ta FFmpeg, kaɗai zai dawo ya ce komai lafiya, don an riga an ɗinke kafin ya gani.

Abin da ya fi komai amfani a irin wannan bincike bit huɗu ne kacal a ƙarshen goshin fakiti. Ƙirge ne daga 0 zuwa 15 ya sake komawa, kowace PID da nata. Ka ga 6, ka ga 7, sai ka ga 10, ka san biyu sun salwanta. Wani dattijon injiniya da ya yi aikin watsa shirye-shirye tun zamanin kaset shi ya koya mini karanta wannan ƙirge kamar sawun dabba. Na kai masa ƙorafin wata kwarara da ke yayyagewa, na ce ina zargin ruwan sama, lokacin ana tsakiyar Agusta, kowa kuma ya san yadda hadarin Jos ke yi wa dish.

"Tutar kuskure a ɗage take?" ya tambaye ni.

"Wace tuta, Baba?"

"Bit ɗin da ke bin G. Je ka duba ka dawo."

Wannan bit na'urar karɓa ce ke ɗaga shi idan sigina ta lalace har gyaran kuskure ya gaza. In laifin iska ne, hadari ko eriya da ta juya ko wayar da ruwa ya shiga, za ka ga tutar a ɗage ko giɓi ya bazu a kan duk PID ba zaɓe, kowa gwargwadon yawan fakitinsa. In tuta na kwance, kuma tasha ɗaya ce tak ke tsallen ƙirge alhali maƙwabtanta a kwarara ɗaya lafiya lau, to tun daga gida aka loda kayan a yage, a koma wajen inkoda ko layin da ya kawo tashar. In kuma ka tattara giɓin ka ga bakwai-bakwai yake zuwa, ko sha huɗu, ka bar sama ka duba waya: idan ana tura kwararar ta layin kwamfuta da tsarin UDP, fakiti bakwai ake ɗaurewa wuri guda, bayit 1316, don shi ne mafi yawan da zai shiga cikin 1500 ɗin da layin kwamfuta ke ɗauka. Tawa bakwai-bakwai ce. Wani tsohon akwatin raba intanet ne a ƙarƙashin tebur, ruwan Agusta ba shi da hannu.

Ƙirgen na da makantarsa. In fakiti 16 cif suka ɓace a PID guda, lambar za ta dawo daidai kamar ba a yi komai ba. Fakitin da ba ya ɗauke da kaya ba ya ƙara ƙirge, an kuma halatta a maimaita fakiti sau ɗaya da lamba ɗaya. Wanda ya rubuta nasa mai ƙirgen bai san waɗannan ba zai tara wa mutane kurakuran da babu su.

Af, tun da an zo nan: duk wanda ya ji irin aikin da nake yi, tambayarsa ta biyu ita ce ko zan iya buɗe masa tashoshin ƙwallo. Bit biyu a goshi ne ke cewa kayan a kulle suke. Goshin kansa da jadawalai a buɗe suke tafiya, don haka laburare zai gaya maka sunan tasha, nauyinta, har shirin da za a yi gobe, amma bayit 184 ɗin nan sai mai mabuɗi. TSDuck ba ya ƙera mabuɗi, ni ma haka.

Akwai wani lungu da ya shafe mu mu masu Hausa, wanda na ga ba a cika kula da shi ba. Sunan tasha yana tafiya a jadawalin SDT a PID 17, jerin shirye-shirye a EIT a PID 18. Rubutun da ke cikinsu, in ba a ce komai ba, ana karanta shi da wani tsohon jerin haruffan Turai wanda ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Ƙa'idar DVB ta ba da mafita: a sa bayit 15 na ƙirgen goma sha shida a gaban rubutun, sai a san UTF-8 ne, tsarin da ya ƙunshi har da haruffanmu. Wanda ya manta da wannan bayit, "Ƙasa da Ƙasa" zai fito wa mai kallo da tarkacen alamomi, in kuma ya sa shi, sauran addu'a dikodar mai kallo tana da zanen harafin. Shi ya sa da yawa ke haƙura su rubuta da k da d tsurarsu, ƙasa ta koma kasa. Laburaren ma sun bambanta a nan: TSDuck zai fassara maka rubutun, libdvbpsi kuwa ɗanyen bayit zai miƙo maka ka san yadda za ka yi. Haka alamar harshe da ake liƙa wa sauti a PMT, haruffa uku, hau ga Hausa, yor ga Yarabanci, ibo ga Ibo. Na sha buɗe kwarara ina jin Hausa tsantsa a kunne, alamar na cewa eng, don wanda ya saita inkodar ya bar abin yadda ya zo daga kanti. Ranar da tasha za ta so ta sa sauti biyu mai kallo ya zaɓa, ranar za a san ba ƙaramin sakaci ba ne. Lokutan shirye-shirye kuma da agogon duniya na UTC ake rubuta su, mu muna gabansa da sa'a ɗaya, ga shi an rubuta sa'a da minti ta yadda bayit 19 na ƙirgen goma sha shida ke nufin sha tara, ba 25 ba kamar yadda kwamfuta za ta ɗauka in ba a gargaɗe ta ba.

Mu koma benci. Hoto da sauti a buhuna daban suke tafiya, ba kuma lallai su iso tare ba, to me ke sa leɓe ya dace da magana? Agogo ne. Inkoda na da agogo mai bugawa sau miliyan 27 a sakan, kuma a kai a kai, aƙalla sau goma a sakan, tana rubuta abin da agogon ya nuna cikin wani fakiti. Wannan shi ne PCR, da shi dikoda ke saita nata agogon don kada ta yi gaba ko ta yi baya. Sannan kowane ƙunshin hoto ko sauti na ɗauke da PTS, lokacin da za a nuna shi, a ma'aunin bugu 90,000 a sakan. A tsarinmu na hoto 25 a sakan, tsakanin hoto da hoto bugu 3,600 ne. Akwai ma DTS, lokacin da za a kwance hoton, don wasu hotunan sai an kwance wanda ke gabansu kafin a iya gina su, shi ya sa jerin isowa ya saɓa da jerin nunawa.

Gurbin da aka tanadar wa PTS bit 33 ne. Mafi girman abin da zai ɗauka ya ɗan haura biliyan takwas da rabi. Raba wannan da 90,000, ka samu sakan 95,443 da ɗoriya: sa'a 26, minti 30, sakan 43. In ya cika sai ya koma sifiri, kamar mitar tsohuwar Peugeot da ta gama zagaye. Da na rubuta wannan lissafi a ƙarƙashin lokutan nan uku sai na ji kunya ta rufe ni. Daga 8:10 na Talata zuwa 10:40 na Laraba. Daga nan zuwa 1:11 na Alhamis. Na ja baya daga Talata, na faɗa kan Litinin da asuba, wajen shida saura minti ashirin, daidai lokacin da yaron da ke buɗe gidan ya ce ya kunna kaya bayan ya dawo daga masallaci.

Inkodar gidan daga kusan sifiri take fara ƙirge duk sa'ad da aka kunna ta. Wata bakwai ɗin da manhajata ta yi tana cika baki, ba a taɓa samun sa'a 26 a jere da wuta ba. Ko a ɗauke, ko a kashe janareta da tsakar dare don tsimin mai, kullum agogon na mutuwa kafin ya cika. Rashin wuta ne ya yi ta rufa mini asiri. Da sola ta zo inkoda ta kwana ta wuni ta sake kwana, agogo ya kai ƙarshensa a karon farko, manhajata ta ɗebe lokacin farkon fayil, biliyan takwas da wani abu, daga lokacin ƙarshensa, 'yan miliyoyi, ta samu abin da bai kai sifiri ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da a kan FFmpeg na gina ta, da wataƙila ban taɓa jin wannan labari ba, don libavformat na da dabarar lura da juyawar agogon ya miƙe lissafin da kansa. Ni ne na guje shi da gangan. Na ce ina son in ga kowane giɓi da idona, don hujjar da za a nuna wa mai talla bai kamata ta zama ɗinkakkiya ba, kuma har gobe ina ganin wannan zaɓi daidai ne ga wannan aiki. Na ɗauki laburaren da ke miƙo lambobi ɗanye, ya kuwa miƙo mini su ɗanye, har da wanda ban san ana dafawa ba. Duk abin da laburare na sama ke yanke hukunci a kansa a ɓoye, juyawar agogo, tsallen lokaci idan an sauya daga shiri zuwa talla, PMT da ya canza ana tsakiyar watsawa, fakitin da aka maimaita, yana nan yana jiranka ranar da ka sauko ƙasa, kuma babu takardar da za ta jero maka su a shafi ɗaya. Yanzu kafin in miƙa irin wannan aiki, sai na sa FFmpeg ya ƙera mini kwararar gwaji da agogonta ya fara saura minti biyu ya cika, in zauna in ga yadda manhajar za ta haye. Sai in bi ta da almakashi: in cire fakiti bakwai a nan, in lalata bayit a cikin PAT a can, in yanke fayil a tsakiyar fakiti.

Gyaran kansa layi biyu ne. In bambancin lokutan ya fito ƙasa da sifiri da tazara mai girman gaske, a ƙara masa 2 da aka ninka a kanta sau 33. Na rubuta, na tashi manhajar, na ce wa manaja gobe Juma'a da ƙarfe 3:42 na yamma za a san gaskiya. Bayan an sauko daga masallaci muka ci abinci, muka jawo kujeru gaban allo mu huɗu, har da mai solar da aka kira ya zo ya ga sakamakon aikinsa. Lambar ta hau, ta hau, 8,589,930,000 da 'yan kai, sai ga ta a 2,000 da wani abu. Ƙarfe huɗu na bugawa fayil ya faɗo, tsawonsa minti 60.

Manaja ya dubi allo, ya dube ni. "To Injiniya, kenan solar ce dai ta jawo."

Mai sola bai ce uffan ba, hannu kawai ya miƙa.